Taku Ɗaya Tsakanina Da Tirela

A rana ta biyu ta tafiyar na iso wata gada. Gajera ce, wanda ke cikin mota kafin ya ƙifta ido sau biyu ya wuce ta. Tun asuba nake bin gefen titi, wani siririn fili na tsakuwa da ɓaraguzan kwalta wanda faɗinsa bai fi taku biyu ba, amma ya ishe ni. Ina zuwa bakin gadar sai filin ya ƙare ɗungurungum. Daga farin layin da aka ja a bakin kwalta sai ƙarfen gada, abin da ke tsakaninsu ko tafin ƙafa bai cika ba. A ƙasa kuma ruwa ne mai zurfi, babu mashigi.

Na fi minti goma a tsaye ina jiran motoci su ba ni rata. Da na ga hanya ta ɗan yi sarari sai na sa ƙafa da sauri. Ina tsakiya tirela ta ɓullo daga kwana. Direban ya danna oda, bai rage gudu ba, kuma ba shi da inda zai kauce domin wata motar na tahowa ta ɗaya hannun. Na juya na rungumi ƙarfen gadar, na manna cikina a jikinsa. Iskar tirelar ta fara ingiza ni, sannan ta fizgo ni baya kamar za ta kai ni ƙarƙashin tayoyi. Da na ƙetare sai na zube a ƙasa, gwiwoyina suna kaɗawa, na daɗe ban iya buɗe gorar ruwana ba.

Ina zaune a wurin wasu yara biyu suka iso da jakunkunan makaranta, babban yana riƙe da hannun ƙaramin. Ko kallona ba su yi ba. Babban ya leƙa dama ya leƙa hagu, ya ce, "Yanzu!" Suka kwasa da gudu, jakunkuna na dukan bayansu, har suka ƙetare. Abin da ya kusa fitar mini da rai sau ɗaya a rayuwata, su kullum sai sun yi shi safe da yamma.

Tun daga ranar nake kan ra'ayi ɗaya, kuma ban ga abin da zai ɗauke ni daga kansa ba: babbar hanya ta jama'a ce, mai tafiya a ƙasa yana cikin jama'ar, kuma duk hanyar da aka shimfiɗa ba a bar masa wurin sa ƙafa ba, aikinta bai kammala ba, ko da an yanka mata ƙyalle an yi jawabi.

Tafiyar tawa ta kwana huɗu ce, kimanin kilomita 110, a kan hanyar da na shafe shekaru ina bi a mota. Babu wanda ya tilasta mini. So nake na san ta da ƙafa, domin na lura ban san sunan ko rabin garuruwan da ke bakinta ba. Lafiyayyen mutum yana yin kamar kilomita biyar a awa ɗaya, idan ya samu 25 zuwa 30 a yini ya yi ƙoƙari, musamman bayan bororo ya fito masa a dunduniya kuma igiyar jaka ta fara cin kafaɗa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye wannan yinin naka gaba ɗaya cikin minti 18. A cikin daƙiƙa ɗaya tana yin kusan mita 28. Idan direba ya sunkuya ya duba wayarsa na daƙiƙa uku, ya shafe tsawon da ya kusa kai filin ƙwallo bai ga komai ba, kai kuma kana wani wuri a cikin wannan tsawon. Da ka riƙe wannan lissafi a kai, ba za ka sake kallon mutumin da ke tafe a bakin titi da ido ɗaya da na da ba.

Tambayar da na fi sha a hanya ita ce, "Motarka ce ta lalace?" Idan na ce a'a, sai a ce ko kuɗin mota ne babu. Idan na sake cewa a'a, sai kallon ya canza. Wasu tausayi, wasu tsoro, wasu kuwa su yi murmushin da ke nufin sun gane, wannan neman suna yake yi. Na san daga inda zargin yake fitowa. Akwai masu ɗaukar tuta su kama hanya don a ɗauke su hoto, ko don wani mai mulki ya kira su ya ba su wani abu, akwai ma waɗanda ake cewa suna hawa mota idan babu mai kallo. Ba zan kare su ba. Sai dai ana yin jabun abu ne idan abin yana da daraja, kuma doguwar tafiya a ƙasa tana da daraja tun kafin a ƙirƙiro kyamara.

A ranar 12 ga Maris 1930, Gandhi, jagoran fafutukar 'yancin Indiya, ya fita daga mazauninsa na Sabarmati kusa da Ahmedabad, yana da shekara 60, tare da mutum 78. Suka nufi Dandi a bakin teku don karya dokar da ta hana Indiyawa haɗa gishiri da kansu, tafiyar kusan kilomita 385, suka yi ta cikin kwana 24. Wato kamar kilomita 16 a yini, tafiyar da ba ta fi ƙarfin talaka ba. Da jirgin ƙasa ya hau, da ya isa cikin yini guda ya ɗebi gishirinsa, 'yan sanda su kama shi, magana ta mutu. Jinkirin shi ne makamin. Kowace yamma yana yada zango a wani ƙauye, ya yi wa mutane bayanin zaluncin da ke cikin dokar gishiri ta Turawan Ingila, kowace safiya ayarin ya ƙaru. Kafin ya duƙa ya ɗauki gishiri a ranar 6 ga Afrilu, duk Indiya ta riga ta san abin da zai yi da dalilin yinsa. Mutum dubbai aka ɗaure a watannin da suka biyo baya. Zuwa da kai ya fi saƙo, zuwa da ƙafa kuma ya fi kowane irin zuwa nauyi, domin kowa ya san abin da ƙafa ke ji.

Wanda ya fi kusa da maganata shi ne abin da ya faru a jihar Alabama ta Amurka a 1965. Baƙaƙen fata da ake hana su rajistar zaɓe suka yi niyyar takawa daga Selma zuwa Montgomery, babban birnin jihar, kilomita 87 a kan babbar hanya mai lamba 80. Gwamna George Wallace ya hana, hujjarsa ita ce tafiyar za ta jawo haɗari ga jama'a a kan hanya. Da mutum kusan 600 suka fita a ranar 7 ga Maris, jami'an tsaro suka far musu da kulki da barkonon tsohuwa a gadar Edmund Pettus. Maganar ta je kotu, alƙali Frank Johnson ya yanke cewa mutane suna da 'yancin kai kukansu ga gwamnati a ƙungiyance, ko da ta hanyar yin tattaki a kan manyan hanyoyi ne. Abin da ya fi burge ni a hukuncin shi ne bai yi kamar babu haɗari ba. Ya amince a taƙaita masu tafiya zuwa mutum 300 a inda hanyar ta tsuke, a ba su kariya. Aka tashi ranar 21 ga wata, aka isa ranar 25, taron ya kai kusan mutum 25,000, kuma a watan Agusta aka sa hannu a dokar 'yancin zaɓe. Gwamna da alƙali duk sun ga haɗarin nan ɗaya. Ɗaya ya mai da shi dalilin kore mutane daga hanya, ɗaya ya mai da shi dalilin tsara musu ita. Har yau duk mai iko da titi yana zaɓar ɗaya daga cikin biyun nan, kuma galibi zaɓin Wallace ake yi, ba da kulki ba, da siminti da ƙarfe.

Waɗannan duk sun zaɓi tafiyar ne. Mafi yawan masu doguwar tafiya a ƙasa a duniya ba zaɓa suka yi ba, kuma babu mai tarar su da ganga a ƙarshen hanya. A daren 24 ga Maris 2020 gwamnatin Indiya ta sanar da kulle ƙasa saboda annobar korona, ta ba mutane awa huɗu kacal. Jiragen ƙasa da motocin haya suka tsaya, masana'antu suka rufe. Leburorin da suka zo birane cin rani suka wayi gari babu aiki, babu kuɗin haya, babu abin hawa. Suka ɗora kaya a ka, suka goya yara, suka kama manyan hanyoyi, wasu ɗaruruwan kilomitoci. A ranar 8 ga Mayu, kusa da Aurangabad, wasu leburorin da suka bi layin dogo gajiya ta kayar da su, suka kwanta a kan layin suna zaton jirage ba sa aiki. Jirgin ɗaukar kaya ya bi ta kansu da asuba, mutum 16 suka mutu. 'Yan Venezuela da talauci ya koro suna takawa daga Kukuta da ke kan iyakar Kolombiya zuwa Bukaramanga, kusan kilomita 200, hanyar kuma tana hawa wani tudu da ya haura mita 3,000, inda sanyi ke kama mutanen da suka fito daga ƙasa mai zafi da riga ɗaya a jiki. A ranar 4 ga Satumba 2015 'yan gudun hijira fiye da dubu, da yawansu 'yan Siriya, suka gaji da zaman tashar jirgin ƙasa ta Keleti a Budapest, suka hau babbar hanyar mota da ƙafa suka nufi Ostiriya. Duk lokacin da duniya ta rikice, ƙafa ce abin hawan da ke rage wa mutum. Gwamnatin da ta shimfiɗa hanya kamar wannan ranar ba za ta taɓa zuwa ba, ta yi wa mutanenta gajeren tunani.

Ba ma sai duniya ta rikice ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗuran hanya kowace shekara, kuma fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne. Hukumar ta ce kashi 80 cikin 100 na hanyoyin duniya ba su cika ƙa'idar kare mai tafiya a ƙasa ba. Ta kuma nuna cewa idan gudun motar da ta buge mutum ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, yiwuwar ya mutu tana ninkuwa sau huɗu da rabi. Ƙarin kilomita 15, wanda direba ko jin sa ba ya yi a ƙafarsa.

Ana yawan cewa laifin masu tafiyar ne, ba sa kula. Akwai ƙa'idoji, kuma ni mai goyon bayansu ne. Ka bi hannun da za ka fuskanci motocin da ke tahowa, don ka ga abin da ke nufo ka. Ka sa tufa mai haske, ka cire abin jin sauti daga kunne, idan rana ta faɗi ka nemi masauki. Na kiyaye duk wannan. Wani marubuci ɗan Amurka mai suna Mark Baumer shi ma ya kiyaye. Yana ratsa ƙasarsa ba takalmi don jan hankali kan sauyin yanayi, sanye da riga mai ƙyalli, yana fuskantar motoci, a gefen titi. A watan Janairu 2017, a jihar Florida, wata mota ta bar hannunta ta same shi a inda yake, ta kashe shi yana da shekara 33. Ƙa'ida tana rage haɗari, amma farin fenti ba ya tare ƙarfe.

Akwai hujja ɗaya ta masu saɓa mini da nake ɗauka da muhimmanci. Sukan ce manyan hanyoyin gudu ba wurin ɗan Adam ba ne ko kaɗan, hana shi hawa kansu shi ne jinƙai. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ma haka ta tanada, ta haramta wa masu tafiya a ƙasa irin waɗannan hanyoyi, ƙasashe da yawa kuma suna bin wannan. Na yarda. Ba na son ganin kowa yana taku a inda motoci shida ke jere suna gudun 120. Amma hani yana zama jinƙai ne idan an nuna wa mutum wata hanyar. A wurare da dama, tsohuwar turbar da mutane da dabbobinsu suka bi shekara da shekaru ita ce aka danne da kwalta, aka faɗaɗa, aka ja mata shinge, sannan aka kafa allo cewa ba a bi da ƙafa. An raba gari biyu, gona tana can gida yana nan, makaranta tana can yara suna nan, gadar ƙetarawa kuma tana da nisan kilomita biyu idan ma akwai ta. Tsohuwar da ke ɗauke da kaya ba za ta ƙara kilomita huɗu a tafiyarta ba, za ta nemi inda shinge ya ɓalle ta ratsa. Ranar da mota ta ɗauke ta a ce ta karya doka. Wannan ƙwace ne aka yi masa suna tsaro.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne, shiga gari ya fi dajin wahala. A daji ka san abokin gabarka, mota ce, kana ganin ta daga nesa. A bakin gari kuwa gefen titin yakan ɓace a ƙarƙashin manyan motocin da aka ajiye, da tarin yashi, da kwata a buɗe, dole ka sauko kan kwalta ka cakuɗa da ababen hawa. Shataletale ba shi da farko ba shi da ƙarshe ga mai ƙafa. Sai ka yi awa guda kana bin katangu da gidajen mai ba ka ga inuwa ɗaya da za ka zauna ba tare da wani ya tambaye ka abin da ka zo saya ba. Sau biyu jami'an tsaro suka tsayar da ni suka zazzage jakata a ƙasa, alhali motoci masu baƙin gilashi suna wucewa ta gefenmu babu mai ɗaga musu hannu. Ban ga laifin binciken ba, na dai lura da wanda ake zargi: wanda ke tafe a fili, a hankali, kowa na ganin fuskarsa.

Amma a cikin garuruwan ne kuma na ga abin da ya sa ban yanke ƙauna ba. A yammacin rana ta uku, ƙafata ta dama ta kumbura har ina ɗingishi, wani dattijo da ke zaune a kan benci a ƙofar gidansa ya ɗaga mini hannu.

"Sannu da hanya, ɗana. Zo ka zauna."

"Na gode, Baba, sauri nake kada dare ya yi mini."

"Daren zai yi ko ka zauna ko ba ka zauna ba. Cire takalmin nan mu gani."

Ya sa aka kawo ruwa a roba, na tsoma ƙafar. Ya duba bororon, ya ce kada na ɓare fatar, na bar ta ta rufe wurin. Bai tambaye ni dalilin tafiyata ba sai da na huce. Da na gaya masa, ya yi shiru, sannan ya nuna titin da haɓarsa ya ce a da duk wanda zai wuce sai ya bi ta gabansa sun gaisa, yanzu mutum dubu ke wucewa a yini bai san fuskar ko ɗaya ba. Ya ce ni ne baƙo na farko da ya zauna a bencin nan cikin watanni.

Mutanen da suka riga mu sun ɗauki matafiyi a matsayin nauyi a wuyan al'umma. A aya ta 60 ta Suratut Tauba, ɗan hanya, wato ibnus sabil, yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka, ko da kuwa mai arziki ne a garinsu. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta zuba dukiyarta wajen haƙa rijiyoyi da gina tafkuna da masaukai zango-zango a kan hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, tafiyar fiye da kilomita 1,000 a cikin hamada. Har yau ana kiran hanyar da sunanta, wasu tafkunan kuma suna nan ana ganin su bayan shekara fiye da 1,200. Ma'aunin aikinta shi ne ƙishirwar mutum da gajiyar raƙumi, inda ƙarfi ke ƙarewa nan ake samun ruwa. A zamaninmu ma an gwada an gani. Hanyar ziyara ta Santiyago a arewacin Sifaniya ta kusa mutuwa, a tsakiyar shekarun 1980 masu kammala ta a shekara ba su wuce 'yan dubbai ba. Wani limamin coci mai suna Elías Valiña ya bi ta da fenti yana zana kibiyoyi masu ruwan ɗorawa a jikin duwatsu da bango don kada matafiyi ya ɓace. Aka buɗe masaukai masu sauƙin kuɗi, aka gyara turba a gefen hanyar mota. A 2023 mutum fiye da 400,000 suka karɓi takardar shaidar kammalawa, wadda ba a ba mai ƙafa sai ya taka aƙalla kilomita 100. Ƙauyukan da matasa suka gudu suka bari sun sake samun masu kwana da masu ciniki. Mota tana wuce ƙauye da ƙura, mai ƙafa kuwa dole ya sha ruwa a cikinsa, ya kwana, ya gyara takalmi.

Abin da nake nema bai kai aikin Zubaida ba. A bar fili mai faɗin da mutum biyu za su jera a gefen kowace babbar hanya, a raba shi da kwalta da wani abu mai tauri a inda gudu ya yi yawa. Kada a sake karɓar gada daga hannun ɗan kwangila idan babu wurin mai ƙafa a jikinta. Inda hanya ta ratsa tsakiyar gari a karya gudun mota da ginin hanyar kansa, domin allon gargaɗi ba ya taka wa kowa birki. A bar itatuwan bakin hanya, ko a dasa wasu idan an sare. Idan aka kwatanta da abin da ake kashewa a kan kilomita ɗaya na kwalta, wannan ɗan ƙari ne, kuma ya fi arha a lokacin gini fiye da bayan an fara ɗaukar gawa.

Injiniyan da ke shakkar ko akwai masu bin wurin da ƙafa ba ya buƙatar dogon bincike. A kusan duk tsawon kilomita 110 da na taka, akwai wata siririyar turba a cikin ciyawa, ɗan nesa da kwalta, wadda babu hukumar da ta zana ta. Sawun mutane ne ya fitar da ita, ta yi sumul, tana kauce wa ramuka, tana raɓar inuwa. Ita na bi duk inda na same ta. Tana zuwa bakin waccan gadar ta tsaya, sannan ta ci gaba a ƙetare, daidai inda yaran nan biyu suka daina gudu. Kafin wani jami'i ya sa hannu cewa an gama hanya, ina so a sauke shi daga mota a farkon wannan turba, da tsakar rana, a ce ya bi ta har ya ƙetare gadar.